Me Ya Sa Mota Take Yin Nauyi a Lokacin Sanyi? Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da direbobi suka fi maimaitawa duk sa'ad da hunturu ya kankama, mota ta fara nawa wajen tashi, tana ƙin ja da safe, tana kuma shan mai fiye da yadda aka saba. Duk awon zafi da sanyi da aka ambata a nan a ma'aunin Salshiyos yake.

Shin ba komai idan mota ta yi nauyi da safe a lokacin tsananin sanyi?

A mafi yawan lokuta ba komai, muddin nauyin yana gushewa da zarar inji ya ɗauki zafi. An ƙera injin mota ne domin ya yi aiki a zafin da ya kai digiri 90 zuwa 105, don haka motar da ta kwana a fili cikin sanyin da ya sauka ƙasa da sifili tana da tazarar kusan digiri 100 da za ta cike kafin ta koma hayyacinta. Cikin wannan tsakani baƙin mai yana da kauri, man giya yana da kauri, fetur ba ya ƙonewa sosai, kwamfutar motar kuma tana riƙe wasu abubuwa da gangan domin kada a wahalar da injin.

Ma'aunin da ya fi amfani shi ne allurar zafin inji da ke gaban direba. Idan allurar ta hau zuwa inda ta saba tsayawa, motar kuma ta saki jiki ta koma yadda take a lokacin zafi, to sanyi ne kawai. Idan kuwa an yi tafiyar rabin sa'a amma har yanzu ana taka totur motar tana jan ƙafa, akwai wata matsala da sanyin ya tono, kuma an yi bayaninta a amsar da ta shafi alamomin lalacewa.

Mene ne ainihin abin da sanyi yake yi wa injin fetur?

Abu na farko shi ne kaurin mai. Baƙin mai da ya kwana cikin sanyi yana zuba a hankali kamar zuma, don haka famfon mai yana shan wahala kafin ya tura shi zuwa saman inji, kuma kowane ƙarfe da ke juyawa sai ya keta wannan kauri. Wani kaso na ƙarfin da ya kamata ya isa ga tayoyi a nan yake ƙarewa.

Na biyu shi ne fetur kansa. Inji tururin fetur yake ƙonawa, alhali a cikin sanyi fetur ba ya saurin zama tururi, wani ma yana manne wa bangon bututun iska da na silinda yana ruwa. Domin cike wannan giɓi kwamfutar mota tana ƙara yawan man da ake fesawa, tana kuma ɗaga silo, shi ya sa za ka ga allurar juyin inji ta tsaya sama da juyi 1,000 a minti da sassafe, sannan ta sauko sannu a hankali. A yawancin motocin zamani kwamfutar tana kuma jinkirta tartsatsin fulogi na ɗan lokaci, domin hayaƙi ya fita da zafi ya ɗumama matatar hayaƙi da ke jikin salansa, wadda ba ta fara aiki yadda ya kamata sai ta kai wajen digiri 250 zuwa 300. Wannan jinkiri yana rage wa inji kuzari, kuma direba yana jin sa a ƙafarsa.

Ba an ce iska mai sanyi tana ƙara wa inji ƙarfi ba?

Haka ne, kuma babu karo tsakanin maganganun biyu. Iska mai sanyi ta fi cunkushewa, saboda haka silinda tana samun iskar oksijin mai yawa a kowane zuƙa, injin da ya riga ya yi zafi kuma yakan fi ja a rana mai sanyi. Sai dai ribar ba ta fitowa kafin mai ya saki, kuma a kan babbar hanya wannan cunkushewar iska tana ƙara turjiyar da motar take ketawa.

Wane irin baƙin mai ya dace da sanyi, kuma me lambobin jikin galan suke nufi?

A lamba irin 5W-30, ɓangaren farko mai harafin W yana nuna yadda man yake gudana cikin sanyi, na biyu kuma yana nuna kaurinsa idan inji ya kai zafin aiki. Gwargwadon ƙanƙantar lambar farko, gwargwadon sauƙin juyawar inji da safe. A ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE, ana gwada mai 0W a digiri 35 ƙasa da sifili, 5W a 30, 10W a 25, 15W a 20, 20W kuma a 15 ƙasa da sifili. Wannan ne ya sa motar da aka zuba wa 20W-50 takan yi gurnani tana juyawa da ƙyar a safiyar da maƙwabciyarta mai 5W-30 ta tashi da murɗa makulli ɗaya.

Duk da haka, ba daidai ba ne mutum ya zaɓi mai da ka. Littafin motar yana ɗauke da kaurin da kamfani ya amince da shi, wani lokaci har da jadawalin da ke nuna wanda ya dace da kowane yanayi. Abin da aka saba yi shi ne a riƙe lamba ta biyu yadda kamfani ya ce, a sauko da ta farko idan littafin ya yarda. Man roba, wato wanda aka sarrafa a masana'anta, ya fi na gargajiya gudana cikin sanyi. Man da ya daɗe ba a yi juye ba kuwa, ko wace lamba ce a jikinsa, ya riga ya kwashi datti da danshi, kuma yana ƙara wa inji nauyi, don haka yin juye kafin shigowar hunturu ya fi jiran ƙarshensa.

Minti nawa ya kamata a bar mota tana silo kafin a tashi?

Ga motar zamani mai fesa mai da kwamfuta, daƙiƙa 30 zuwa minti 1 ya isa mai ya zagaya, sai a tashi a hankali. Inji ya fi saurin ɗaukar zafi idan yana aiki, kuma tsayuwa wuri ɗaya ba ta ɗumama akwatin giya, ko boris na ƙafafu, ko tayoyi, waɗanda su ma suna cikin abubuwan da ke riƙe motar. Doguwar silo tana ƙona mai a banza, tana kuma tsawaita lokacin da fetur mai yawa yake wanke bangon silinda yana gangarawa cikin baƙin mai. Al'adar jira na minti 10 ko 15 ta samo asali ne daga zamanin motoci masu kafireto da cok, waɗanda sukan mutu a hanya idan ba su ɗumama ba, kuma mai irin wannan tsohuwar mota har yanzu yana da hujjar ɗan jira.

Abin da ake nufi da tashi a hankali shi ne kada a take totur har ƙasa, kada kuma a bar inji ya yi ihu a ƙaramar giya, har sai allurar zafi ta kai wurinta. Ya kamata a sani cewa allurar zafin ruwa take nunawa, baƙin mai kuwa yakan makara a bayanta da wasu mintuna, musamman a mota mai turbo. Uzuri guda na tsayawa shi ne gilashi: ba a tuƙi sai an ga hanya sarai. Kuma kada a taɓa barin mota tana aiki a rufaffen gareji, ko salansa tana toshe da dusar ƙanƙara, domin hayaƙin yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari amma tana kisa.

Me ya sa giyar atomatik take jinkirin canjawa, ko ta canja da fizga?

Giyar atomatik da matsin mai take aiki, kuma mai mai kauri ba ya saurin bi ta ƙananan hanyoyin da ke cikin akwatin. Ban da wannan, kwamfutar giya a motoci da dama tana riƙe ƙananan giyoyi fiye da kima, tana kuma ƙin kulle na'urar da ke haɗa inji da akwatin giya, har sai man ya ɗumama. Direba sai ya ji inji yana ƙara amma gudu bai kai ƙarar ba. A giyar hannu kuma sandar ce take tauri, musamman shiga ta 1 da ta 2.

Idan wannan ya wuce bayan 'yan kilomitoci, babu abin damuwa. Idan kuwa an sa giya motar ta daɗe ba ta kama ba, ko tana zamewa bayan ta yi zafi, ko man giyar ya yi duhu yana warin ƙuna, to a duba yawan man da shekarunsa.

Shin raunin batir yana iya sa mota nauyi a hanya, ko wajen tayarwa kawai yake damu?

Babban tasirinsa wajen tayarwa ne. Sanyi yana rage saurin aikin sinadaran da ke cikin batir a daidai lokacin da kik yake buƙatar wuta mai yawa domin juya inji mai kaurin mai. Lambar CCA da ke jikin batir tana nuna yawan wutar da zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a digiri 18 ƙasa da sifili ba tare da ƙarfinsa ya faɗi ƙasa da bolt 7.2 ba. Lafiyayyen batir da ya cika yana nuna kimanin bolt 12.6 idan mota tana kashe, sannan wajen 13.5 zuwa 14.7 idan inji yana aiki.

Amma yana da hannu a hanya ma, ta bayan fage. Batir da ya zube yana sa altaneta, wato na'urar da ke yi masa caji, ta yi aiki tuƙuru domin cika shi, ga fitilu, ga fankar hita, ga wayar narkar da ƙanƙarar gilashin baya, ga ɗumama kujeru, kuma duk wannan wuta daga ƙarfin inji ake cire ta. A ƙaramar mota ana jin bambancin. Ƙarancin wuta yana kuma iya rikita na'urorin lantarki, su kunna fitilun gargaɗi marasa dalili. A duba kawunan batir: farin gari ko kore-kore da ya taru a kansu yana tare wuta, kuma goge shi a ƙara ɗaure kan yakan warware abin da aka ɗauka mutuwar batir ce. Batir da ya sauka gaba ɗaya yana iya daskarewa cikin sanyi, kuma ba a yi wa daskararren batir caji ko jona waya.

Me ya sa motar take shan mai da yawa?

Duk abubuwan da aka ambata a amsa ta biyu suna taruwa a nan. Alƙaluman da Ma'aikatar Makamashi ta Amurka take wallafawa sun nuna cewa a tuƙin cikin gari, nisan da motar fetur take yi da lita ɗaya yana raguwa da kusan kashi 15 cikin 100 a digiri 7 ƙasa da sifili idan aka kwatanta da digiri 25, kuma a gajerun tafiye-tafiye na kilomita 5 zuwa 6 raguwar tana iya kaiwa kashi 24. Gajeriyar tafiya ce ta fi cin mai, domin ana kashe motar tun ba ta gama ɗumama ba, a dawo a sake farawa daga farko. Haɗa saƙonni da yawa cikin fita ɗaya ya fi duk wani ruwan magani da ake zubawa a tanki amfani. A ƙasashen da ake canja haɗin fetur bisa yanayi, na hunturu yana ɗauke da sinadarai masu saurin tururi domin sauƙaƙa tayarwa, kuma ƙarfinsa a kowace lita ya ɗan gaza na lokacin zafi.

Tayoyi suna da hannu a ciki?

Suna da shi, kuma su ne mafi sauƙin gyara. Iskar taya tana raguwa da kimanin psi 1 (psi ma'aunin matsin iska ne) duk sa'ad da yanayi ya sauka da digiri 5 zuwa 6, don haka tayar da aka cika a rana mai ɗumi tana iya rasa psi 4 ko 5 ba tare da huda ba. Taya mai laushi tana ƙara jan ƙasa, sitiyari ya yi nauyi, mai ya tafi. A auna iska da safe kafin a yi tafiya, a bi lambar da ke jikin ƙofar direba, domin wadda ke jikin tayar iyakar abin da za ta ɗauka ce.

Akwai kuma batun roba. Tayar lokacin zafi tana taurara idan yanayi ya sauka ƙasa da digiri 7, riƙonta ya ragu. Idan ƙafa ta fara sulɓi a kan ƙanƙara, na'urar hana zamewa tana rage ƙarfin inji da kanta, wata fitila mai hoton mota a kan karkatattun layuka ta riƙa ƙiftawa, direba kuma ya ji kamar an riƙe motar ta baya. Wannan ba laifin inji ba ne, maganinsa tayoyin hunturu da sassauta ƙafa a kan totur. Wasu motoci suna da maɓallin dusar ƙanƙara da ke sa su tashi da giya ta 2 ko ya rage kaifin totur, kuma mutum yana iya barinsa a kunne bai sani ba.

Allurar zafi ba ta kaiwa tsakiya, hita kuma ba ta da ɗumi. Mene ne dalili?

Wanda ake fara zargi shi ne tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa kada ya tafi lagireto sai inji ya yi zafi. Idan ya maƙale a buɗe, ruwa yana zagayawa ta lagireto tun daga tashi, iska mai sanyi tana kwashe zafin, inji ya kasa kaiwa inda ya kamata. Alamarsa a bayyane take: allura tana hawa idan an tsaya a cunkoso, ta sauko idan an hau babbar hanya. Kwamfuta kuma tana ci gaba da ƙara mai tamkar yanzu aka tayar da motar, saboda haka nauyin safiya ya zama na yini duka. A na'urar bincike wannan matsala takan fito da lamba P0128.

Motocin da suka yi rayuwa a ƙasashe masu zafi sau da yawa an cire musu tamostat ɗin gaba ɗaya, bisa zaton hakan yana hana inji zafi. Dabara ce marar kyau ko a can, a wurin sanyi kuwa illarta nan take take fitowa. Idan tamostat lafiya lau yake, sai a duba na'urar da ke auna zafin ruwa, domin idan ta ba kwamfuta labarin ƙarya sakamakon ɗaya ne. A kuma tabbatar ba zallan ruwa ke cikin lagireto ba. Haɗin rabi ruwa rabi maganin daskarewa yana jurewa har kusan digiri 37 ƙasa da sifili, zallan ruwa kuwa yana kumbura da kimanin kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, abin da ya isa ya tsaga inji.

Motar dizal tana tashi, ta yi 'yar tafiya, sai ta rasa ƙarfi ko ta mutu. Me ke faruwa?

Man dizal yana ɗauke da kakin da ke narke a cikinsa. Idan sanyi ya yi yawa kakin yana fitowa ƙanana-ƙanana, man ya yi gauraye kamar hazo, sannan ya toshe matatar mai. Motar tana tashi da ɗan man da ya rage a bututu, sai ta shaƙe idan aka nemi ƙarfi. Shi ya sa ƙasashe masu sanyi suke sayar da dizal na hunturu. A Jamus, alal misali, wanda ake sayarwa daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu dole ya iya bi ta matata har digiri 20 ƙasa da sifili. Wanda ya cika tanki a lokacin zafi ya ajiye mota, ko ya taso daga yanki mai ɗumi ya hau tsaunuka, shi ne ya fi faɗawa wannan tarko.

Maganin hana daskarewa ana zuba shi ne kafin kakin ya fito. Idan ya riga ya toshe, sai a kai motar wuri mai ɗumi, sau da yawa kuma a canja matatar, a zubar da ruwan da ya taru a ƙasanta. Tsohuwar dabarar gauraya fetur a cikin dizal tana lalata famfo da allurai na injunan zamani. Wahalar tashi da farin hayaƙi mai warin mai kuwa tana nuni ga fulogin ɗumama silinda, kuma ya kamata a jira fitilarsu mai kama da naɗaɗɗiyar waya ta mutu kafin a murɗa makulli.

Motocin lantarki da masu haɗin lantarki da fetur fa?

Batirin litiyom mai sanyi ba ya bayar da wuta ko karɓarta da sauri, don haka kwamfuta tana rage ƙarfin ja, tana rage birkin da ke mayar da wuta cikin batir, caji kuma yana jinkiri. Sannan ɗumin cikin mota daga batir yake fitowa, tunda babu inji mai zafi da za a ɗiba. A gwajin da ƙungiyar direbobi ta AAA ta Amurka ta yi a 2019, nisan tafiya ya ragu da kimanin kashi 41 cikin 100 a digiri 7 ƙasa da sifili idan hita tana kunne. Ɗumama motar tun tana jone da caji, da dogaro da ɗumin kujera maimakon fanka, suna rage asarar. Mota mai haɗi kuma takan bar injin fetur yana aiki domin samar da ɗumi, shi ya sa tattalin manta yake raguwa sosai a hunturu.

Waɗanne alamomi ne ke nuna lalacewa ce, ba sanyi kawai ba?

Ta farko ita ce nauyin da bai gushe ba bayan inji ya yi zafi. Ta biyu ita ce inji ya riƙa karkarwa ko sarƙewa, musamman a safiya mai danshi, wanda yawanci tsofaffin fulogi ne ko koyil mai tsagewa da raɓa ta shiga. Idan fitilar gargaɗin inji tana ƙiftawa maimakon tsayawa, inji yana tsallake wuta sosai, kuma ci gaba da tuƙi yana iya ƙona matatar hayaƙi, wadda ta ninka fulogi tsada nesa ba kusa ba. Motar da ta ƙi wuce wani gudu komai takun totur ta shiga yanayin kare kai ne, kuma sai na'urar bincike ta faɗi dalili. Ƙazantar matatar iska ko ta na'urar auna iska ma tana ɓuya a lokacin zafi ta bayyana da sanyi.

Kada a manta da birki. Danshi da gishirin da ake watsawa a hanya suna sa birki ya cije, birkin hannu kuma yana iya daskarewa cikin dare. Idan mota ba ta gangarawa da kanta a inda ta saba, ko ƙafa ɗaya ta fi sauran zafi da wari bayan gajeriyar tafiya, nauyin daga nan yake. Farin tururi daga salansa da ke bajewa nan da nan ruwa ne kawai. Wanda ya yi kauri, bai tsaya ba bayan inji ya yi zafi, ruwan lagireto kuma yana raguwa, shi ne abin kai wa makanike ba tare da jinkiri ba. Farin kumfa mai kauri a ƙarƙashin murfin baƙin mai yakan zo ne daga yawan gajerun tafiye-tafiye, kuma doguwar tafiya tana ƙone shi, amma idan ya haɗu da raguwar ruwa, a sa a gwada gasket na kan inji.

A inda sanyi ya wuce misali, akwai abin da ya fi waɗannan duka?

Akwai hitar inji da ake jonawa da wutar gida, wadda ta zama ruwan dare a Kanada da ƙasashen arewacin Turai irin su Finlan da Suwidin, inda har wuraren ajiye motoci suke da soket dominta. Tana ɗumama ruwan inji kafin a tayar, don haka kik ya juya da sauƙi, hita ta kawo ɗumi da wuri, lokacin shan mai da yawa kuma ya gajarta. Sa'a 2 zuwa 4 kafin tashi ta wadatar, barinta dare duka ɓarnar wuta ce, shi ya sa ake haɗa ta da agogon kunnawa. Wanda ba shi da ita, ko ajiye mota a gareji marar ɗumi ko a gefen da bango ya tare iska yana rage saurin hucewar inji, kuma riƙe tanki sama da rabi yana rage danshin da ke taruwa a cikinsa.